Ruwa a Tawadar Kaka

Fukue, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Goggo Yasue,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Kobe bai fara taɓa miki gwiwa ba. Mu nan kowa lafiya. Mama tana zuwa aikinta wurin gyaran kifi, Kaka Tomoji kuma yana cin abincinsa yana faɗa da rediyo. Ni ce Kotone, jikarsa. Sau ɗaya kika taɓa ganina, a jana'izar matarsa Kaka Mitsue shekara uku da suka wuce. Ni ce yarinyar da ta ɓuya bayan ƙofa ta ƙi gaishe ki. Yanzu shekarata goma sha uku.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ke zan fara gaya wa. Ranar Lahadi da kika bugo waya kina tambaya wa ya rasu a gidanmu, ina tsaye a kicin ina ji. Mama ta ajiye wayar tana cewa tsufa ya fara kama Goggo. Ba tsufa ba ne, ni ce na jawo.

Kin san kwalbar tawadar da Kaka Mitsue ta bari, shuɗiyar nan mai ratsin kore. Kaka Tomoji ba ya rubutu da wata. Tun watan huɗu da na shiga sakandare nake ɗaukar alƙalaminsa in ya tafi hira bakin tashar jirgi. A makaranta ba na iya magana, bakina yakan yi nauyi, sai in dawo in rubuta wa Kaka Mitsue abin da ya faru a wani littafi. Da wannan launin, sai in ga kamar ita ma ta sa hannu. Da na ga tawadar ta sauka rabi, sai na riƙa ƙara mata ruwa, cokali-cokali, don kada a gane. Ban tuna ba cewa tsinkakkiyar tawada ta gidan makoki ce, wadda ake cewa hawaye ne suka tsinka ta. Da ita ya rubuto miki godiyar lemon da kika aiko, ga shi kuma watan da ake raba takardun sanar da rasuwa ya kama. Ki yi haƙuri.

Yanzu ga damuwata. Ranar goma ga Disamba zai zauna rubuta katunan sabuwar shekara, guda sittin da uku, duk da hannu. Dole su shiga gidan waya kafin ashirin da biyar. In ya rubuta da wannan tawadar, gida sittin da uku za su buɗe shekara da abin da ya tsorata ki.

Mama ta ce shekara talatin kina aiki a shagon alƙaluma. Ki taimaka ki samo mini irinta sak, in mayar a kwalbar ba wanda ya sani. Sunan da ke jikinta ya goge. Kada ki bugo waya, wayar gidanmu a zaure take, ko kyanwa tana jin abin da ake faɗa. Ni ce mai ɗebo wasiƙu daga akwati, don haka ki rubuto kawai.

'Yarki,
Kotone

Kobe, 9 ga Nuwamba

Kotone,

Gwiwata lafiya lau, zuciyata ce kika kusa tsayarwa. Har na ciro baƙar rigata ta zuwa makoki na shanya ta sha iska, na tambayi lokacin jirgin Nagasaki. Ashe ɓera ne a kwalba. Ina gaida mamarki da tsohon kyaftin. Na ji daɗi da kika ce mini Goggo. Ni 'yar ƙanin mahaifin kakarki ce, a ƙa'ida kaka nake gare ki, amma duk ranar da kika kira ni haka mun ɓata.

Wannan tawadar ba a sayar da ita ko'ina. Wani tsoho ne ya haɗa wa Yaya Mitsue a shagonsa a Nagasaki, kuma shagon ya daɗe da rufewa. Sau uku ta sa shi sakewa, wai sai ya fitar mata da launin ruwan bakin tasharku a watan shida. Ya ce ruwan teku ba ya tsayawa a launi ɗaya, ta ce to shi ma kada ya tsaya.

Ga 'yan kwalabe biyar na sa miki a cikin auduga, kowace da lambarta, duk shuɗi ne da ya sha kore. Ki bi abin da zan faɗa. Ki gwada a kan irin katin da zai yi rubutu a kai, don takardar makaranta ƙarya take yi. Ki wanke bakin alƙalamin tas tsakanin kowace da kowace. Kada ki yanke hukunci tana jiƙe, ki bari ta bushe har washegari. Ki duba da safe a bakin taga, fitilar ɗaki tana mayar da kore shuɗi. Abin da za ki kwatanta da shi kuma, kada ya zama takardar da ta sha rana. Ki nemi rubutun kakarki a tsakiyar littafin da ya daɗe a rufe.

Abu ɗaya ki sani tun yanzu. Ba a zuba sabuwar tawada a kan wadda aka sa wa ruwan famfo, hunhuna take yi ta toshe alƙalami. In kina son ki mayar a tsohuwar kwalbar, sai kin zubar da abin da ya rage kin wanke ta. Wannan ke za ki yanke.

Na rubuta wa kakanki tasa wasiƙar daban. Abin da ya kamata ya sani, na gaya masa.

Goggonki,
Yasue

Fukue, 17 ga Nuwamba

Goggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai iskar da ta hana jirgi zuwa kwana biyu, shi ya sa saƙonki ya makara. Na gode da kwalaben, ba wadda ta fashe.

Na yi yadda kika ce. Na sami littafin girkin Kaka Mitsue a ƙasan durowa, na buɗe shafin da ta rubuta yadda ake wainar dankali. Na jera katuna biyar a gefensa a bakin tagar ɗakina.

Ta ɗaya shuɗinta ya yi yawa, kamar siket ɗin makarantarmu. Ta biyu kore ce kawai take fakewa da shuɗi, in ta bushe sai ta koma ganyen teku. Ta uku tana da kyau, amma inda ta taru a ƙarshen harafi tana wani jan ƙyalli, ta Kaka kuwa ba ta ƙyalli. Ta biyar ta yi duhu, daga nesa sai ki ce baƙa ce. Ta huɗu ce ta ruɗe ni. Da na rubuta har na tashi tsaye, na ce na samu. Washegari na tarar ta yi toka-toka, kamar teku in hadari ya taso. Da ban bari ta kwana ba da na aiko miki da ƙarya.

Ga abin da idona ya gani, kuma na tabbata. Ta Kaka tana tsakanin ta huɗu da ta biyu, amma ta fi kusa da ta huɗu. Inda alƙalami ya fara harafi tana da haske kamar ruwa a kan yashi, inda ya tsaya kuma sai ta yi zurfi. Na sa miki katunan. Shafin ba zan iya yaga shi ba, amma ke ma ai kina da wasiƙunta.

Sai ɗayar maganar. Ke na zaɓa na gaya wa saboda kina nesa, na ɗauka abin zai tsaya a tsakaninmu. Wasiƙar da kika rubuto wa Kaka ta zo tare da tawa. Ban ba shi ba. Kwana huɗu ke nan tana cikin jakata, tana zuwa makaranta tana dawowa. Ban buɗe ba, ni ba mai buɗe wasiƙar mutane ba ce. Amma in har za a gaya masa, ai da kin bari an sami tawadar tukuna.

Kotone

Kobe, 21 ga Nuwamba

Kotone,

Ina lafiya. Idonki yana da kyau, na nuna wa Hamaguchi katunanki, shi ne mai haɗa mana tawada a shago. Ya ce yarinyar da ta gane ta huɗu tana toka ta fi rabin masu zuwa wurinsa. Na ba shi wasiƙun Yaya Mitsue guda uku, ya fara aiki.

Amma wasiƙar mutum ba kayan jakarki ba ce. Kakanki shekara arba'in yana tuƙa jirgin da ke kawo wa tsibirinku wasiƙu, ko a ranar guguwa bai taɓa kwana da ta wani ba. Ki miƙa masa yau. Abin da ke ciki nasa ne, ba zan gaya miki ba.

Yasue

Kobe, 2 ga Disamba

Kotone,

Kwana goma sha ɗaya shiru. Fushi ne, ko wani abu ya faru? Kullum sai na ɗauki waya in tuna kin hana ni. In ban ji daga gare ki ba zuwa Juma'a mai zuwa, kyanwarku za ta ji muryata.

Ga tawadar. Hamaguchi sau shida ya sake, ya ce ashe taurin kan gado ne. Na gwada ta gefen rubutun Yaya Mitsue, ni dai ban ga bambanci ba, amma ke ce alƙali. A shagonmu mai tawada shi ke raɗa mata suna, don haka na bar takardar jikin kwalbar fara.

Goggonki

Fukue, 5 ga Disamba

Goggo,

Ina gaisuwa, kuma ki yafe mini shirun. Ba wanda ya yi ciwo. Kunya ce ta hana ni rubutu, sai kuma wani abin da ban san yadda zan faɗa ba.

Ranar da takardarki ta zo na miƙa wa Kaka Tomoji wasiƙarsa. Yana zaune ya zura ƙafafu a ƙarƙashin teburin ɗumi yana ɓare lemo. Ya juya ambulan ɗin sau biyu, ya ce tabaransa ya ɓata, in karanta masa. Tabaran yana kan hancinsa, Goggo. Na karanta da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji, ina jiran inda sunana zai fito. Har na kai ƙarshe bai fito ba. Na zarge ki a banza.

Da na zo inda kika ce layukansa suna hawa juna, kuma ya je a duba masa ido, sai ya karɓe takardar ya ninke. Ya ce, "Yasue tun tana goye take da surutu. Kada ki kai wa uwarki wannan shirmen."

Washegari na yi abin da ban sani ba ko daidai ne. Na rubuta sunansa a kati biyu, ɗaya da tsinkakkiyar, ɗaya da ta biyar mai duhu. Na ce malaminmu ne ya ba mu aikin launi, wanne ya fi kyau? Ya kai su kusa da fuska, ya daɗe, sannan ya ce ai duk ɗaya ne, in daina ɓata kati. Sai na fara lura. Rediyo yake ji saboda ya daina karanta jarida. In zai zuba shayi sai ya sa yatsa a bakin kofin.

Tawadar Hamaguchi ta yi. Na bar ta ta kwana, na kai taga, na rufe lambar na haɗa da sauran don kada son rai ya ruɗe ni, kuma sau uku ina zaɓo ta. Ita ce.

To ga inda nake. Ko ruwan bula na zuba masa ba zai gane ba. Zan iya zubar da ta Kaka Mitsue in wanke kwalbar in cika, katuna su fita lafiya, ba mai sani har abada. Jiya har na kai kwalbar bakin famfo na buɗe murfin. Amma in na ce wa Mama idonsa ya lalace, za ta ce ta yaya na sani, shi kuma zai ce ƙarya ne. Shaidata ɗaya ce, wato ya yi wata da watanni yana rubutu da ruwa bai gani ba. Saura kwana biyar.

Kotone

Kobe, 7 ga Disamba

Kotone,

Na ji sanyi da ganin rubutunki. Wato gida ɗaya mutum biyu kowa yana zaune a kan ƙwansa. Na yi zaton haka tun ranar farko, domin mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kallon launi ɗaya ba zai aiko mini da shi a koɗe ba in yana gani. In yanar ido ce, ana cire ta, maƙwabciyata an yi mata bara har tana zura allura. Amma likita ne zai faɗa, kuma sai an kai shi.

Ba zan gaya miki abin da za ki yi ba. Ba zan kuma faɗi naki sirrin ba, ko yanzu ko gaba. Nasa kuwa, in shekara ta ƙare ba a yi komai ba, ni da kaina zan gaya wa mamarki. Na faɗa miki ne don kada ki sake cewa na bi ta bayanki.

Goggonki

Fukue, 21 ga Disamba

Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Sanyi ya sauko sosai, amma kowa lafiya. Ga wainar dankali Mama ta ce a sa miki, daga shafin nan aka yi ta. Ki gasa kafin ki ci.

Ranar goma ga wata da safe, Asabar ce, Kaka ya share tebur ya jera katunansa ya ce in miƙo masa kwalbar. Na kawo biyu na ajiye a gabansa. Mama tana gefe tana ninke wanki. Na yi niyyar in faɗa a tsare yadda na rubuta miki, amma abin da ya fito shi ne, "Kaka, na sa wa tawadar Kaka Mitsue ruwa." Daga nan sauran ya biyo, har da wayarki da baƙar rigar.

Sai ya ce, "Ashe ke ce kika kashe ni a Kobe." Mama ta fara dariya, sai ta tsaya, ta dube shi ta ce, "Baba, wata nawa ke nan kake rubutu da ita ba ka gani ba?" Ya ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau. Ta ce hasken ne ya sa yake sa yatsa a shayi? Ashe ita ma ta lura, tana tsoron farawa ne. Sun yi ta yi. Ya ce shi da ya shigo da jirgi tasha cikin hazo ba za a kai shi wani yaro ya leƙa masa ido ba. Ta ce to ya karanta mata abin da ke jikin kalanda. Bai karanta ba. An ba shi rana a asibiti, tara ga watan gobe.

Ni bai yi mini faɗa ba sai a kan wasiƙarki da na riƙe. Wannan kam ya yi, kuma na cancanta. Bayan Mama ta fita ya tambaye ni me na rubuta da har ya cinye rabin kwalba. Na ce wasiƙu ne zuwa ga Kaka Mitsue. Ya ce tana ba da amsa? Na ce a'a. Ya ce, "Haka take, ni ma sai na rubuta uku take mayar da ɗaya." Ya ɗauki tsohuwar kwalbar ya girgiza a kusa da kunne, ya ce, "Da kin zubar da wannan, da shi ne ba zan yafe ba." Sai ya tura mini ita.

Kwana tara muka yi a kan katunan. Ni nake rubuta adireshi, in ɗora masa yatsa inda zai fara, shi kuma ya rubuta gaisuwar da hannunsa, manya-manya. Yana yi yana tsiya, wai rubutuna kamar kaguwa ta bi ta kan yashi. Ya sa na ba shi labarin kwalabe biyar ɗin, ya ce ta huɗu irin mutanen Kobe ce, kyau a jiƙe. Na ce zan gaya miki, ya ce dama don haka ya faɗa. Jiya na kai su gidan waya da kaina, sittin da uku cif, na kuma yi wa ma'aikaciyar magana ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Ya ce in rubuta tsohon sunan a jikin sabuwar kwalbar, ya ma gaya mini shi. Na ce to, amma ban rubuta ba. Wancan sunan na Kaka Mitsue ne, ita ta yi tafiya uku a kansa. Na bar takardar fara. In an buɗe masa ido, zan kai shi bakin tasha a watan shida da kati a hannu, ya duba da kansa ya ce ta yi ko ba ta yi ba, sannan a raɗa.

Tsohuwar kuma na ajiye ta gefen hoton Kaka Mitsue, inda muke kunna mata turare. Ba zan ƙara mata ruwa ba, ba kuma zan zubar ba. Na ga cewa duk duniya mutum ɗaya ce ya dace a rubuta wa da tsinkakkiyar tawada daga gidan nan, kuma dama ita nake rubuta wa. Zan ci gaba har ta ƙare. In ta ƙare na rufe littafin, sauran maganar sai in riƙa yi da masu amsawa. Wannan ban gaya wa kowa ba sai ke.

Katinki ne na farko da na rubuta wa adireshi. In ya iso ranar ɗaya ga wata, ki kai shi bakin taga ki duba da kyau. Ki mayar da baƙar rigar cikin akwati.

'Yarki,
Kotone